Kawu da Kalmomi Masu Wutsiya

Daga wurin Allah muke, wurinsa kuma Kawu ya riga mu komawa. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, muka dawo muka baje tabarmi a ƙofar gidansa da ke Panshekara, jama'a suka fara zuwa gaisuwa. Kowa ya zo sai ya tsuguna, a yi addu'a a shafa, ya ce ya muka ji da haƙuri, mu ce da godiya. Daga nan sai ya gyara zama, ya ɗan murmusa, ya ce ai marigayi akwai barkwanci.

Mai unguwa haka ya ce. Limamin layinmu ma haka ya ce, har ya ƙara da cewa faranta ran mutane sadaka ce. Wani tsohon direban babbar mota ya tuno ranar da ya ga Kawu, da furfurarsa da komai, ya baje hannuwa yana zagaya bishiya wai shi jirgin sama. Ya kwashe da dariya har da dukan cinya, sannan ya tuna a gidan makoki yake, ya koma istigfari. A cikin gida ma, in ji mahaifiyata, zancen mata ke nan: Allah sarki Malam, mai abin dariya.

Ni kuwa ina gefen tabarma zuciyata tana tafasa. Tun safe har la'asar ban ji mutum ɗaya ya ce malami aka rasa ba. Malam ɗin da suke kiransa ma na gemu ne, irin wanda ake kiran kowane dattijo da shi. Yaya, babban ɗan Kawu, yana tsakiya yana karɓar gaisuwa, kai kawai yake gyaɗa musu, kuma na san hakan ya fi masa sauƙi. Abin da nake tsoro ke nan, a naɗe tabarmin nan Kawu ya tabbata ɗan wasan kwaikwayo a bakin mutane har abada. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko da yake ban san wa zai karanta ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Lokacin da Turanci ya kayar da ni a jarrabawar fita sakandare, na zauna a gida ina cin tuwo ina kumbura fuska, shi ne ya zo wata safiya ya ce in hau bayan kekensa. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Sai da ya sauke ni a ƙofar masaƙarsu a Challawa sannan ya ce in kwantar da hankalina, Turancin da ya kayar da ni ba da shi ake cin abinci a nan ba. A wancan zamanin, in an kusa busa jiniya, ba ka ganin kwaltar hanyar Challawa don kekuna. Mutanen ƙauyukan Kano, 'yan Jigawa, 'yan Nijar, mutanen Kudancin Kaduna da na Filato, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan keke.

Shi a sashen rini yake, faratansa kullum shuɗaye, ko ranar Sallah. Ya taɓa koyarwa a firamare kafin masaƙa ta ja shi, koyarwar kuma ba ta taɓa sakinsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mutanenmu sun iya inji kamar su suka ƙera shi, amma in za a naɗa heluma, wato shugaban ma'aikatan sashe, sai a tsallake su, don in injiniyoyin nan Indiyawa da Turawa suka yi magana, namu sai su tsaya suna ƙifta ido. Kawu ya kasa kunne ya saurari injiniyoyin da kyau, ya gano ba ruwansu da manyan kalmomin da ake jibga mana a makaranta. 'Yan ƙananan nan suke juyawa, su "put", su "take", su "go", sai su liƙa musu wani ɗan guntu a baya, "off" ko "out" ko "down", magana ta sauya gaba ɗaya. Su ya raɗa wa suna kalmomi masu wutsiya. Yakan ce babbar kalma ba ta da mugunta, fuska ɗaya gare ta, in ka san ta ka san ta. Masu wutsiyar nan su ne 'yan duniya, guda ɗaya sai ta zo maka da fuska uku, kuma ba za ta gaya maka wadda ta sako yau ba.

Ajinsa a gindin wata darbejiya yake, daura da ƙofar masaƙa, lokacin hutun cin abincin rana. Ba allo, ba alli, ba littafi. In ka zo da biro ma sai ya ce ka mayar aljihu. Hujjarsa ita ce, mai aikin rini hannunsa kullum a jiƙe yake, takarda ba ta kwana a wurinsa, amma jikinsa yana tare da shi duk inda ya shiga. Saboda haka kowace fuska ta kalma sai an yi ta da jiki. In aka ce "take off", ka cire hularka, ka mayar, ka baje hannuwa ka tashi kamar jirgi, sannan ka tattare riga ka ranta a na kare. In aka ce "go off", ka yi kukan jiniya da bakinka, ka runtse ido alamar an ɗauke wuta, sannan ka shinshina kwano ka yamutsa fuska, abinci ya lalace. Ka ga magidanta, wani har da jikoki, suna tsalle-tsalle a gindin bishiya da cokali a hannu. Wanda ya ce shi girmansa ya wuce haka, Kawu ba ya musu da shi. Sai ya ce to madalla, ya koma gefe ya ci abincinsa, girman nasa ya fassara masa maganar injiniya.

Ko da Hausa yake magana hannuwansa ba sa hutawa. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce in kana son Malam ya yi shiru, kada ka wahalar da kanka da bakinsa, ɗaure masa hannu kawai.

Akwai wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake a wurin. Ba ta taɓa shiga aji ba, tana dai zuba abinci tana kallonmu ta wutsiyar ido. Wata rana Kawu ya tsare wani ɗan Maraɗi da tambaya, bawan Allah ya daskare, gumi yana karyo masa, sai ga Hajiya daga bayan tukunya ta ajiye cokali ta yi motsin tsaf. Wuri ya kaure da shewa, ana cewa mai abinci ta kayar da gardi. Kawu bai yi dariya ba. Washegari ya ja ɗan Maraɗin bayan bishiya, su biyu, inda ba mai ganinsu, ya riƙa yin motsin a hankali yana jiransa, har abincinsa ya huce ƙudaje suka samu rabonsu. Ya daɗe yana yi masa haka. Mutumin nan shi ya fara zama heluma a cikinmu.

Rigimarsa da Baban Filato kuwa duk masaƙa an san ta. Baban Filato makanikin injuna ne, Kirista, ya yi makarantar mishan, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Ya zo wucewa wata rana ya tsaya ya ƙare mana kallo, ya ce wa Kawu a gaban kowa ya mai da manyan mutane birai, kuma yadda yake furta kalmomin ko Baturen da ya haife su ba zai gane su ba. Kawu ya harzuƙa, ya tambaye shi Turancin mishan ɗin nasa wa ya taɓa amfana ban da shi kaɗai. Aka yi ta cacar baki sai da jiniya ta raba su. Suka ɗauki lokaci ba sa ga maciji. Ana nan, muna tsakiyar darasi Kawu ya furta wata kalma, sai muka ji an gyara masa da ƙarfi daga baya. Baban Filato ne da kwanonsa a hannu, ya kasa haƙuri. Kawu ya juya ya dube shi, muka ce yau akwai dambe. Sai ya ce:

"To, tunda bakinka ya fi nawa, zo ka riƙa faɗa, ni in riƙa yi."

Tun daga ranar aka raba aiki. Baban Filato ne baki, Kawu ne jiki. Shi ya tsaya ƙiƙam, hannu a aljihu, ya jefo kalma, Kawu ya yi ta, mu kuma mu bi. Baban Filato bai taɓa yarda ya ɗaga ko ɗan yatsa ba, ya ce shi dattijon coci ne, ba zai yi rawar biri ba. Kawu ya ce da ma wa ya gayyace shi, jiki duk ya yi tauri kamar ƙarafan da yake kwancewa. Haka suka yi shekaru suna tsokanar juna. In Sallah ta zo a kai wa Baban Filato nama, in Kirsimeti ta zo a aiko wa Inna da cincin.

Wanda abin bai taɓa yi wa daɗi ba shi ne Yaya. Yana saurayi aka aike shi masaƙa da saƙo, ya tafi da abokansa, suka tarar ana "break down". Kawu ya gama yin injin da ya tsaya cak, ya shiga fuska ta biyu, ya zube ƙasa ya dafe kai yana kukan ƙarya har da shessheƙa. Abokan suka mai da abin waƙa a unguwa. Da yamma Yaya ya tsaya a bakin zaure, kansa a ƙasa, ya ce, Baba, don Allah ku daina, ana yi mana dariya. Ina wurin. Kawu ya daɗe yana goge sarƙar kekensa, sannan ya ce dariya ba ta rage mutum da komai, abin da ke rage shi shi ne ya tsaya gaban injiniya kamar gunki a kan aikin da ya fi injiniyan sani. Yaya bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake taka gindin darbejiyar ba. Kasuwa ya shiga, Allah ya buɗa masa a sayar da atamfar da ake shigowa da ita daga waje. Ban ce ya yi laifi ba. Shi ya riƙe Kawu har ƙarshe, ci da sha da magani.

Ni ne ɗalibin da Kawu yake taƙama da shi. Ba yabon kai ba, kafin Baban Filato ya rufe baki na gama fuskokin kalma. Ranar da aka ba ni heluma a sashen saƙa, Kawu har masu gadi sai da ya bi ya gaya wa. Amma abin bai yi tsawon rai ba. Wuta ta fara wasa da mu, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, kayan waje suka cika kasuwa. Aka soke aikin dare, aka rage na rana, sai wata safiya aka tara mu a fili.

Manaja ya hau kan wani akwati, aka kira Kawu ya fassara. Ranar ce kaɗai na ga Kawu ya taɓa Turanci bai motsa ba. Ya haɗa hannuwansa a baya, ya kafe katanga da ido, ya faɗa mana da Hausa tiryan-tiryan: an rufe masaƙa, kowa ya tafi gida, ba a san ranar dawowa ba. Bai sassauta ba, bai ƙara gishiri ba. Wani daga baya, don ya rage zafin abin, ya ɗaga murya ya ce, Malam, yau ba za a yi mana da jiki ba? Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ce:

"Wannan jikinku zai yi muku da kansa."

Kowa ya kama gabansa. Ni na faɗa tuƙin Adaidaita Sahu, har yau ina ciki. Kawu bai haƙura da wuri ba. Ya riƙa taka tsohon kekensa har Sharaɗa, bakin kamfanonin leda da na takalmin roba da suka rage, ya jira lokacin hutu ya ce wa samari su zo ya koya musu kyauta. Samarin nan 'yan aikin yini ne, yau a ɗauke ka gobe a ce babu, wa yake zancen heluma? Masu kamfanin ma da yawa 'yan Caina ne, su kansu da waya da nuni suke magana. Wani ya ɗauki Kawu a waya yana jirgin sama, aka liƙa masa kiɗa, abin ya zagaya har ya shigo wayar Yaya a kasuwa. Ko an gaya wa Kawu ko ba a gaya masa ba, ban sani ba. Na dai san ya jingine keken a zaure, tayoyin suka sace, bai sake hura su ba. Tarin da ya kwaso a sashen rini ya ci gaba da cinsa a hankali.

Zuwana na ƙarshe duba shi, magana tana yi masa wuya. Ya ɗaga hannu daga kwance ya yi mini wani motsi, na ba shi amsa daidai. Ya yi murmushi ya ce to, ya bar aji a hannuna.

Washegarin rasuwar na bar tabarma na ɗauki Adaidaitata, na ce sai na nemo ko mutum biyu daga ajin nan su zo su faɗa a gaban jama'a ko wane ne Kawu. Ɗan Maraɗi ya koma ƙasarsu tuntuni, ba mai labarinsa. Hajiya mai shinkafa ta rasu. Na samu wani a Bompai yana gadin kamfanin da ba komai a cikinsa sai ciyawa da ƙadangaru. Ya yi wa Kawu addu'a sosai, amma da na ce ya zo ya yi bayani sai ya ce, wane bayani kuma, Turancin me ya tsinana mana? Na biya ta Challawa. Masaƙar ta zama sito, ana sauke dilolin atamfar waje a inda muke saƙa tamu. Darbejiyar an sare ta don manyan motoci su sami wurin juyawa. Na ɗan jima tsaye a kan kututturen, har wani ɗan dako ya tambaye ni ko fasinja nake jira.

Baban Filato ban neme shi ba, don na ji an ce ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu, 'yarsa ce take jinyarsa a can Nassarawa.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a an fara rabon waina, sai wata Adaidaita ta tsaya. Wata mata ta fito ta tallafo wani tsoho, da ƙyar na gane Baban Filato ne da 'yarsa. Ya rame, baki ya karkace, hannun dama yana reto. 'Yar ta gaishe mu da ladabi, ta ce tun da ya ji labari ya hana su sakat, sai nuna ƙofa yake. Aka kawo masa kujera ya ƙi. Ya tsaya a gaban tabarma yana bin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya faɗo kaina. Sai ya ɗaga hannun hagu ya cire hularsa.

Mutane suka ɗauka girmamawa ce irin tasu. Sai ya mayar da hular, ya miƙa hannun gefe, ya karkata, ya fara jan ƙafa yana ƙoƙarin zagayawa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa ba zai yi rawar biri ba! Liman ya sunkuyar da kai. Yaya ya raɗa wa 'yar ko za a zaunar da Baba, da alama ciwon ya taɓa kansa. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya yadda shi yake tsayawa a da, hannu a aljihu, na faɗi kalmar da ƙarfi.

Ya gyaɗa kai. Ya shinshina tafin hannunsa ya yamutsa fuska, na faɗa. Ya dafe kai, kafaɗunsa suna girgiza, na faɗa, ko da yake wannan karon ban tabbata kukan na ƙarya ba ne. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, yau za su gani. Bari mu gama in juya in gaya musu wannan da suke kallo karatu ne, da shi mutane suka ci abinci, kuma wanda ya ƙirƙiro shi ne muka binne.

Sai ya yi wani motsi. Ya dunƙule hannu a ƙirji, ya buɗe shi a hankali, ya kife tafin, ya ja da baya taku ɗaya. Na san motsin. Wallahi na san shi, ina ganin Kawu yana yin sa, har inuwar ganye a kan rigarsa ina gani. Amma kalmar ta ƙi zuwa. Ya sake yi. Na buɗe baki, babu komai. Ya sake yi a hankali, irin yadda Kawu yake yi wa ɗan Maraɗi a bayan bishiya, yana kallona, leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita sai iska da yawu. Shi ya san ta ba ya iya faɗa, ni ina da baki na manta. Abin da ya fito mini, a gaban liman da mai unguwa da kowa, shi ne:

"Bari mu tambayi Kawu."

Hannun tsohon ya sauka. 'Yarsa ta goge masa baki da gefen gyalenta, ta ba mu haƙuri, ta tallafe shi zuwa Adaidaita. Bayanin da na shirya ban yi shi ba, da wane baki? Tsohon direban nan ya yi ajiyar zuciya ya ce, Allah sarki, ashe abokin wasan nasa ne. Aka ci gaba da rabon waina.

Na koma wurin na Bompai na yi masa motsin, ya ce bai tuna ba. Na ce wa 'yata mai karatu a jami'a ta duba mini a waya, ta ce, Baba, sai kun faɗi kalmar sannan waya ta nemo, ba ta jin motsin hannu. Yanzu in danja ta tsayar da ni a hanyar Sharaɗa, nakan saki kan Adaidaita in dunƙule hannu a ƙirji, in buɗe, in kife, ko Allah zai sa ta faɗo. Har yau ba ta faɗo ba. Ina ganin fasinjoji ta madubi suna kallona. Rannan na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, direban nan akwai barkwanci.

Ya Allah, kai ba sai an kawo maka shaida ba. Malami ne muka kawo maka. Ka jiƙansa, ka yalwata masa makwanci, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.